Daga Bakin Sarki Ka Ji?

A zamanin da rawanin sarautar Ƙurɗuba ya warware, har kowane mai ganuwa da 'yan mashi a ƙasar Andalus ya wayi gari yana kiran kansa sarki, mu ma a Turbala mun samu namu rabon. Abin da zan faɗa ya auku ne a shekarar farko ta sarautar Mugiratu ɗan Harisu, a tsakiyar rani, an gama sussukar alkama, ɓaure ya fara nuna. Tsofaffinmu ba sa son tada maganar. Ni kuwa na ga in aka ci gaba da shiru, ba abin da zai rage sai habaicin 'yan kasuwa, masu ce wa mai yawan rantsuwa, "Ko kai ne Ayyashu ba mu yarda ba," alhali ko wane ne Ayyashun ba su sani ba.

Faƙihi Ayyashu ɗan Hudairu ɗan marini ne daga unguwar bakin kogi. Ya bar gida yana saurayi, ya yi Ƙairawan da Misra da Makka yana zama gaban malamai, bai komo ba sai da furfura ta shiga gemunsa, da alfadarai ɗauke da takardu. Sauran ransa a kan takardun nan ya ƙare. Ya tara hadisan hukunci cikin babban littafi, ya yi musu sharhi a kan mazhabar mutanen Madina. Ya yi wani a kan maruwaita, inda ya auna mutane ɗaya bayan ɗaya, wa za a karɓa daga gare shi, wa za a bari. Ya yi kuma wani ƙarami a kan amana da alkawari a lokacin yaƙi. Mutum ne mai tsanani, ba zan ɓoye ba. A Ƙairawan ya daɗe yana karatu wurin wani shehi, har wata rana ya ji shehin ya ce wa 'yarsa ta gaya wa baƙo ba ya gida. Ayyashu ya tattara duk abin da ya rubuta daga bakin mutumin ya soke, bai sake taka ƙofarsa ba.

Sarki Harisu ya ba shi 'ya'yansa biyu ya karantar. Babban, Mugiratu, bai jima ba ya koma wa dawaki da shaho. Ƙaramin, Hazimu, ya zauna, ya zama ɗan gida, har matar Malam, Muzna, takan ajiye masa tasa gurasar. Shi ne ya fi kowa ɗaukar halin malaminsa. Duk labarin da aka kawo masa, sai ya tambaya ko daga bakin mai shi aka ji. 'Yan makaranta suna tsokanarsa, wai ko ce masa aka yi gidansu ya kama wuta, sai ya nemi sanin wanda ya ruwaito kafin ya ɗauki guga.

Da Harisu ya rasu bai bayyana magaji ba. Sojoji suka bi Mugiratu, domin Hajibu Wasilu, mai riƙe da ƙofar fada da makullin taska, ya riga ya gyara musu baki. Dangin uwar Hazimu suka ce ai marigayin ƙaramin ya fi so, suka ɗauke shi suka hau Dutsen Gaggafa, ganuwar da ke kallon hanyar arewa. Mutanen ƙauyukan gindin dutsen suka ji rundunar sarki na tafe, suka kwashi mata da yara da awaki suka bi su. Dutsen ba ya ciwuwa da tsani ko majaujawa. Amma ruwansa na sama ne, wanda ake tarawa a rami a ƙarƙashin ganuwa, kuma an haƙa shi don 'yan tsaro ne, ba don gari guda ba. Mugiratu ya san haka. Ya kafa sansani ya zauna, ya bar rana ta yi masa yaƙin.

Sai dai zaman ya fara yi masa tsawo. Sarakunan maƙwabta sun fara leƙe, sojojinsa kuma suna ƙorafin inabinsu zai lalace a gona. A nan ne Wasilu ya aika aka kira Faƙihi Ayyashu.

Ya tarbe shi da girmamawa, ya ce sarki ya yi rantsuwa mai nauyi: in Hazimu ya buɗe ƙofa ya sauko, jininsa da na mutanensa sun tsira, a bar shi ya haye teku ya tafi hajji. Ya ce duk Turbala ba wanda Hazimu zai yarda da shi sai malaminsa. Ayyashu ya ce madalla, a kai shi gaban sarki ya ji da kunnensa. Wasilu ya ce ai sarki na fama da ciwon ido, yana ɗaki mai duhu, likita ya hana kowa shiga. Malam ya ce shi ba idon sarki yake nema ba, bakinsa yake nema. Ya zauna a zaure tun hantsi har aka kira la'asar, ƙofa ba ta buɗu ba.

Wasilu ya fito ya tsaya a kansa, ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya sun jefo gawawwakin jarirai ta bayan ganuwa. In ka tsaya jiran wa ya ji daga wa, in ka hau sai dai ka yi musu salla."

To, a nan nake so a fahimce ni. Ayyashu ba yaro ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna maza bai kasa auna Wasilu ba, ya san irin wanda ake rubuta wa "a bar shi" ne a gefen suna. Ya kuma ga rufaffiyar ƙofar nan. Amma ya gaya wa kansa, ko sarki bai rantse ba, in aka shelanta alkawari a gaban jama'a kunya za ta ɗaure shi. Washegari da sassafe ya hau alfadararsa ya nufi dutsen, da reshen zaitun a hannu.

Abin da ya tarar ya wuce abin da aka gaya masa. Awaki duk an yanka. Ruwan da ya rage laka ce, ana tace ta da mayafi, ana ɗiga wa yara a baki. Yaran ma sun daina kuka. Wata tsohuwa ta kama linzamin alfadararsa ta ce ko ya zo da ruwa, ya ba ta 'yar salkarsa, mata suka taru a kanta har ta yage. Ya wuce bai iya duban kowa ba.

Hazimu ya fito masa da leɓe a tsattsage, ya sumbaci hannunsa, ya zaunar da shi a inuwa, ya ba da haƙuri babu abin tarbar baƙo. Ayyashu ya isar da saƙo. Kawunnan yaron suka ce tarko ne, sun san Wasilu, sun san wanda ya haifi Wasilu. Hazimu ya ɗaga musu hannu. Ya ce shi ma da Wasilu ne ya faɗa, da ko saurare ba zai yi ba, gara ya fita da takobi ya mutu a fili. Sa'an nan ya juya ga malaminsa, ya yi tambayar da malamin ya koya masa.

"Malam, daga bakinsa ka ji?"

Kusa da su wata mata na zaune da yaro a cinya, tana kora masa ƙuda. Ayyashu ya dube ta, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Daga bakinsa."

Hazimu ya ce, "Shi ke nan. A buɗe ƙofa."

Aka buɗe. Mutane suka gangaro suna faɗuwa suna tashi, suka faɗa wa magudanar ruwan da ke gindin dutse. Ba wanda aka taɓa a cikinsu, wannan kam gaskiya ne, har sojoji suna taya ɗaukar yara. Hazimu ya taho a ƙafa, yana riƙe da linzamin alfadarar malaminsa. Suna shiga ƙofar gari aka raba su, aka sa wa Hazimu mari.

Ayyashu ya nufi fada, wannan karon ba wanda ya tare shi. Ya sami sarki a tsakar gida cikin rana tsaka, yana ciyar da shahonsa, idanu garau. Ya tuna masa rantsuwa. Mugiratu ya bar shi ya gama, sa'an nan ya tambaye shi cikin ladabi yaushe rabon da su haɗu. Ya ce shi bai rantse wa kowa ba. Aka kira Wasilu, ya dafa ƙirji ya ce shi fata kawai ya faɗa, cewa ya yi yana kyautata zaton sarki zai yi afuwa, kuma ba wanda ke wurin sai su biyu.

Da a wani gari ne, da an sare kan Hazimu a ranar, an huta. Amma mu a Turbala muna da al'ada tun kafin gidan Harisu. Ba a zubar da jinin ɗan babban gida sai an tara mashawarta, wato manyan malamai masu doguwar hula, kuma muddin ɗaya daga cikinsu ya ƙi, takobi ba ya fita kube. Ayyashu shi ne babbansu. Kowa ya san zai ƙi, saboda haka dole a raba shi da hular kafin a zo tambaya. Wanda ya nuna musu hanya Alƙali Sawwaru ne, mutumin da ya ɗanɗana kaifin alƙalamin Ayyashu a littafin maruwaita, inda aka rubuta shi mai gaskiya amma mai yawan mantuwa. Wannan kam bai manta ba. Ya sa aka shelanta cewa tunda sarki ya ce bai faɗa ba, faƙihi ya ce ya ji, to ranar Juma'a bayan salla faƙihi zai tsaya jikin mumbari ya rantse.

Lissafin a fili yake. In ya rantse, duk gari shi za su gaskata, ba sarki ba. Hularsa na kansa, ya ƙi yarda da kisan, Hazimu ya rayu. In ya ce bai ji ba, ya shaida wa kansa ƙarya.

Muzna ta san gaskiyar, don tun ranar da ya sauko daga dutse bai ƙara cin abinci ba. Ranar Alhamis da hantsi ta same shi a ɗakin karatu, ta ture takardun gabansa ta zauna. Ta ce ya rantse. Ya ce mata rantsuwar ƙarya a jikin mumbari ita ce mai dulmiyar da mai ita a wuta. Ta ce to ya dulmiya, Allah mai gafara ne, amma Mugiratu ba ya gafara. Ya ce akwai wata hanya: hukunci sananne ne, shi da kansa ya rubuta shi da hujjojinsa, cewa duk wanda ya sauko bisa zaton an ba shi amana, ko da amanar ba ta inganta ba, ba a kashe shi, sai a mayar da shi inda ya fito. Ya ce ba malamin da zai iya musa wannan.

Ta ce, "Malam, kai littafi ka sani, ni mutanen nan na sani. Matansu nake haɗuwa da su a gidan wanka. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kai ka sauko da yaron nan."

Ya ce, "Na yi ɗaya, Muzna. Ba zan kira sunan Allah a kan ta biyu ba."

Ta tashi ta fita.

Ranar Juma'a masallaci ya cika har bakin rijiyar alwala. Sarki na bayan shingensa na katako, mashawarta sun jeru a sahun gaba. Aka kawo Hazimu da mari aka zaunar da shi jikin ginshiƙi. Alƙali ya kira Ayyashu, ya tashi ya tsaya jikin mumbari. Bai ɗaga murya ba, amma an ji shi har baya. Ya ce bai ji daga bakin sarki ba, daga Wasilu ya ji, kuma ya ɓoye sunan Wasilu da gangan don ya san in ya ambace shi ba za a buɗe ƙofa ba. Masallaci ya ɗauki guna-guni. Ya jira aka lafa, sa'an nan ya shiga kawo hukuncin mayar da mutum inda ya fito, hadisi bayan hadisi, kowanne da jerin mazajensa. Tsofaffi sun ce ba su taɓa jin ya yi karatu mai kyan na ranar ba. Mutane suna ta kuka.

Sawwaru ya bar shi ya kai aya. Sa'an nan ya sa aka miƙo masa littafin maruwaita, ya buɗe farkonsa, ya karanta abin da Ayyashu ya rubuta da hannunsa: duk wanda ya ce ya ji abin da bai ji ba, ko sau ɗaya ne, ko da kyakkyawar niyya, ba a karɓar ruwayarsa ko shaidarsa ko fatawarsa, ta baya da ta gaba. Wani ƙaramin malami ya miƙe ya ce ai an yi sassauci ga mai sulhunta mutane. Alƙali ya ce shi ma ya san da haka, amma ga mai littafi nan a tsaye, a tambaye shi ko ya yi wa shehin Ƙairawan sassauci. Ya juya ya ce, "Ko mun yi maka zalunci, Faƙihi? Da mudunka muka auna."

Ayyashu ya ce ba su yi ba. Ya ce a jefar da shi, amma hukuncin ba nasa ba ne, yana cikin littattafan da kowannensu ya karanta, wani ya ɗauka ya faɗa. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ya karantar a cikinsu, akwai wanda ya ɗaura wa aure. Kowa ya sami abin kallo a tabarma. Ya sa hannu ya cire hular da kansa, ya ajiye a matakalar mumbari, ya koma sahun baya da kai a buɗe. Aka tambayi sauran mashawarta a kan jinin Hazimu, ba wanda ya ƙi.

An bar shi ya ga Hazimu washegari da safe, kafin a fito da shi. Mai gadin kurkukun ne ya ba da labarin abin da aka yi. Ya ce tsohon ya durƙusa a gaban yaron yana neman gafara, yaron ya kama shi da hannuwa masu mari ya ɗaga shi, ya ce bai dace ba. Ya tambayi lafiyar Inna Muzna. Ya tambaya ko mutanen ƙauye sun koma gidajensu, aka ce sun koma. Ya yi hamdala.

Sa'an nan ya ce, "Ta kan dutse na yafe, Malam. Da ni ne a tsaye inda kake, da wataƙila na yi. Ta masallaci kuma gaskiya ka faɗa, ba abin yafewa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da ka san ba za ka iya ta biyu ba, da ka gaya mini gaskiya tun a can. Wallahi da na buɗe wa yaran ƙofa duk da haka. Ka karantar da ni shekara da shekaru, amma ba ka zaci zan iya ba."

An sare kan Hazimu kafin rana ta yi zafi, a filin da ke gaban ƙofar fada.

Ba wanda ya taɓa Ayyashu, ba a kuma hana shi karantarwa ba. Ɗalibai ma sun dawo, wasu daga garuruwa masu nisa, suna cewa su ba ruwansu da hukuncin Sawwaru. Shi ya ƙi. A wurin masu hadisi littafi ba ya rayuwa sai an ji shi daga bakin mai shi, ya ba da izini a ruwaito, shi kuwa ya ce ba zai ɗora wa kowa jerin mazaje da sunansa a ciki ba. Da kaka ta yi, ya kwashi babban littafin, wanda ba a riga an gama kwafarsa ba, ya kai magudanar bayan gidansa, ya zauna yana wanke shi takarda bayan takarda. Masu lambu na ƙasa suka ga ruwa na zuwa musu baƙi, suka biyo shi har suka same shi. Muzna na tsaye a bakin ƙofa, ba ta hana shi ba, ba ta kuma taya shi ba. Ya yi sauran shekarunsa yana taya ɗan'uwansa aiki a marina. Ƙaramin littafin amana ne kaɗai ya tsira, don ya riga ya bazu, har yau ana samunsa wurin masu sayar da littattafai, galibi ba sunan kowa a bangonsa.

Mai jiran ya ji Allah ya kama Mugiratu tun a duniya, sai ya yi haƙuri. Ya daɗe yana mulki, ya faɗaɗa masallaci, ya mutu a kan shimfiɗarsa, 'ya'yansa kewaye da shi. Masu tarihin fada sun rubuta cewa bai taɓa saɓa alkawari ba, kuma abin takaici ba su yi ƙarya ba. Haka mulki yake. Mai shi ba ya ɓata bakinsa, rufe ƙofa kawai yake yi, ya ari bakin wanda aka fi yarda da shi a gari, in ya gama amfani da shi ya jefar. Ƙaddara kuma ba ta zuwar wa mutum ta inda yake da rauni kaɗai. Ayyashu ta wurin tausayi ta shigo masa a kan dutse, ta wurin tsoron Allah ta ƙarasa shi a masallaci.

Malamai sun yi ta jayayya a kansa, wasu na cewa laifinsa na farko ne, wasu na cewa na biyun. Ni kada a tambaye ni. Kakata tana cikin waɗanda aka sauko da su daga Dutsen Gaggafa a goye, ana ɗiga mata laka a baki, kuma an ce da an ƙara yini ba za ta kai ba. Duk ruwan da na sha a duniya, da ran Hazimu aka saya mini shi. Allah ya ji ƙansu su biyun, Shi ne masanin abin da ya fi.